Kunne Ba Shi Da Safaya

Duk wanda ya tsaya bakin ƙofar makarantar nan ta Farfaru da safe zai ga yadda ɗalibai ke sauka daga kabu-kabu da Keke Napep, da yawansu kunne a toshe. Wani farin abu ne maƙale a kunnensa, wata kuma waya ce ta ɓullo ta ƙarƙashin hijabi. Iyafis ya zama kayan karatu kamar biro. Da shi muke bitar lakcar da muka ɗauka a waya, da shi ake tilawar Alƙur'ani, da shi ake jin Nura M. Inuwa ko Hamisu Breaker in kai ya ɗau zafi. Amma yadda muke sayensa, wallahi akwai gyara. Mu shiga shagunan waya na Ahmadu Bello Way ko Babbar Kasuwa, mai shago ya ƙure ƙara ya ce, "Wanga orijinal na, ji bes!" Shi ke nan, an gama ciniki.

Ra'ayina shi ne, ɗalibin da ke zaune a Sakkwato, in iyafis ɗaya tak kuɗinsa za su saya, ya sayi mai waya, mai robar da ke shiga cikin kunne. Na san 'yan gayu za su yi mini ca, to a bari in kawo dalilaina.

Mu fara da kunnen kansa. Can ciki akwai wani sashe mai siffar dodon-koɗi, cike da ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi, su ne ke karɓar sauti su aika wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana kashe su a hankali, kuma wanda ya mutu ba ya sake fitowa. Babu zafi, babu jini, shi ya sa ba ma lura. Tun a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa biliyan 1.1 na cikin haɗarin samun matsalar ji saboda yadda suke sauraren sauti. Ma'aunin ƙara shi ake kira desibel. Hirar da muke yi da juna tana kusan 60. Hukumar ta ce baligi zai iya sauraren desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da ya cutu ba. In ya kai 90, awa 4 ne kacal a mako. In ya kai 100, kusan minti 20. Waya ko MP3 in aka ƙure ta tana iya kaiwa 100 har ta wuce. Ka lissafa awa nawa kake yi da abu a kunne daga Litinin zuwa Lahadi.

To me ya haɗa wannan da irin iyafis ɗin da mutum zai saya? Babu mai ƙure ƙara don yana gaba da kunnensa. Hayaniyar waje ce ke sa mu ƙara. Ga janareta, ga 'yan ɗaki suna gardamar Barcelona da Real Madrid, ga fanka na kuka. Iyafis ɗin da bai toshe kunne da kyau ba yana barin duk wannan ya shigo, sai yatsa ya yi ta danna ƙari har ya kai ƙarshe. Wanda ya zauna daram kuwa yana tare hayaniyar, sai ka ji komai rangadau alhali ƙarar tana rabi. Shi ya sa abin da ya kamata a fara dubawa shi ne zaman abin a kunne, kafin suna, kafin launi, kafin bes.

Iri huɗu ne suka fi yawa a hannun ɗalibai. Akwai mai waya marar roba, wanda ke tsayawa a bakin kunne. Shi ya fi araha, ba ya sa kunne gumi, amma a wurin hayaniya shi ya fi jawo ƙure ƙara. Akwai mai waya mai roba, wanda nake goyon baya. Akwai hedifon, babba mai rufe kunne gaba ɗaya. Sautinsa ya fi faɗi, kuma ya dace da mai aikin haɗa bidiyo ko sauti. Sai dai a watan Afrilu na Sakkwato, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sanya soso a kan kunne azaba ce, kuma fatar da ke kansa ba ta daɗewa take fara saɓulewa. Na huɗu shi ne na Bluetooth, ko dai mai zagaya wuya ko kuma 'yan biyun nan masu akwatin caji, waɗanda suka cika duniya tun da Apple ya cire ramin iyafis daga iPhone 7 ya fito da AirPods a 2016.

Ba zan ƙi gaskiya ba, na Bluetooth yana da daɗin sha'ani. Babu wayar da za ta sarƙe a aljihu, kana iya wanki wayarka na can kan katifa. Amma mu dubi garin da muke ciki. Kowane ɗaya cikin 'yan biyun nan batir ne ɗan mitsitsi a cikinsa, akwatin ma batir ne, kuma irin wannan batir babban maƙiyinsa zafi ne. Kusan dukkansu an manne su da gam, ba a canja batir. Ranar da ya daina riƙe caji, ranar ya zama shara. Sannan ga maganar wuta. Wanda ke fama ya samu inda zai yi cajin waya da fitila ya ƙara wa kansa abu na uku. Daren jarrabawa, ƙarfe biyu, lakcar na cikin waya amma iyafis ya ce batir ya ƙare. Mai waya ba ya yin haka. Ga kuma ɓata. Sau biyar a rana muna cire abu daga kunne don alwala, kuma ɗaya in ya faɗa kwata, ɗayan ya zama maraya.

Akwai wata fa'ida da aka manta. A yawancin wayoyin da ke da rediyon FM, igiyar iyafis ɗin ita ce eriya. Da mai waya za ka kama Rima Radio ko Vision FM ba tare da ka ƙona data ko ta sisi ba. Haka ƙananan MP3 masu cin katin memori, da yawansu rami kawai gare su, babu Bluetooth. Galibin wayoyin Tecno da itel da Infinix da ke hannunmu suna da ramin. Wanda tasa ba ta da shi, akwai iyafis mai bakin USB-C, akwai kuma ɗan mahaɗi da ake sayarwa, amma a gwada shi a wayar kafin a biya, don ba kowanne ke aiki da kowace waya ba.

Babban aibun mai waya sananne ne: yana tsinkewa ta ciki, galibi daidai wuyan fulogi, sai kunne ɗaya ya ɗauke. Gaskiya ne. Amma yawanci mu ke kashe shi, da naɗe shi tam a jikin waya, da fizgo shi ta igiya. Ka nemi mai lanƙwasasshen fulogi, ka riƙa kama kansa in za ka cire, ka samo masa 'yar jaka. Kuma ko ya mutu, sake sayensa ba zai cinye kuɗin abincin wata ba.

Yanzu ga abin da za a yi a shago. Kada ka gwada da waƙar mai shago, gwada da abin da kunnenka ya sani. Sa karatun Alƙur'ani ko lakcar da ka ɗauka, ka rage ƙara zuwa rabi. Kana jin haruffa ɗaya bayan ɗaya, ko muryar kamar daga cikin tulu take fitowa? Sa tsohuwar waƙar Narambaɗa ka ji ko amshin 'yan amshi ya rabu da kiɗan kotso. Jabu gwani ne wajen bes, don bes ke ruɗar mai saye, amma murya ke tona masa asiri. Ka gwada robobin da ke cikin kwali, ƙarami da matsakaici da babba. Wanda ya dace shi ne wanda da ka sa shi, tun kafin ka kunna komai, hayaniyar kasuwa ta ja baya.

Rubutun jikin kwali ma a iya karanta shi. In ka ga 20Hz zuwa 20kHz, wannan iyakar jin ɗan Adam ce kawai, kusan kowane kwali haka yake cewa. ANC na nufin na'urar tana rage hayaniyar da ke shigo maka, kuma ta fi tasiri a kan ƙara mai ɗorewa irin ta janareta. ENC kuwa makirfo yake gyarawa don wanda kuke waya da shi ya ji ka, bai rage wa kunnenka komai ba. IPX4 na nufin yana jure gumi da fantsamar ruwa, ba wai a tsoma shi a buta ba. Sunan kamfani kuma, ko Oraimo ne ko JBL ko Sony, duk wanda ya yi suna ana buga jabunsa. In an ce maka ga AirPods a kuɗin kwanon shinkafa, kai ma ka san amsar. Ka karɓi rasit, ka tambayi kwana nawa za a karɓa in ya samu matsala.

Ko da ka dace da nagari, sauran aikin naka ne. Kada ƙara ta wuce kashi 60 cikin 100, kuma bayan kowace awa a cire a ba kunne hutu. In na kusa da kai yana jin abin da kake ji, ka yi yawa. Robar da nake yabo tana da nata haɗarin, don yadda take tare hayaniya haka take tare hon. Saboda haka a kan titin Birnin Kebbi, a ƙasa kake ko a kan mashin, cire shi. Lokacin hunturu ƙura na taruwa a ragar bakinsa har sauti ya dushe, a riƙa gogewa da busasshen ƙyalle. Aron iyafis kuma a rage, abin da ya shiga kunnen wani yana iya ɗauko ciwo.

Wanda yake jin ƙara kamar kukan gyare a kunnensa bayan ya cire iyafis, ko ya ga kullum sai ya ce "na'am?" sau biyu kafin ya gane magana, ya daure ya je a duba shi. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da sashen kunne da hanci da maƙogwaro. Ina kuma roƙon shugabannin ƙungiyarmu ta ɗalibai, ranar 3 ga Maris ta kowace shekara ita ce Ranar Ji ta Duniya. Me zai hana a gayyato likitocin su yi mana bayani, a gwada kunnen duk mai so?

Mu da ke shirin fita, wasunmu aikin injin za su yi, wasu aji za su shiga, wasu wayar kwastoma za su wuni suna amsawa. Duk da kunne ake yi. Iyafis in ya lalace akwai dubunsa a kasuwa, amma har yau ban ga shagon da ake sayar da safayar kunne ba. Allah Ya bar mu da jinmu da ganinmu.