Wasiƙa Zuwa ga Masassaƙan Waca kan Injin Juya Itace

Iyayena da yayyena masassaƙa da kafintoci na Waca, da 'yan'uwanku na Magariya da Dungas.

Teburan wasan sunuka na ƙara yawa a garuruwa irin su Damagaram, Maraɗi da Kano, kuma sandunan da samari ke bugawa da su daga waje ake kawowa. Wasunku za su yi tunanin sayen injin juya itace don su shiga wannan kasuwa, kuma tunani ne mai kyau. Shawarata ɗaya ce: ku zaɓi inji saboda tsawonsa da miƙewarsa, ku bar ƙarfin gudunsa a sahun ƙarshe.

Dalili yana jikin sandar. Tsawonta kusan santimita 145 zuwa 147 ne, nauyinta ya ɗan haura rabin kilo, gindinta bai wuce kaurin santimita 3 da 'yan kai ba, bakinta kuwa milimita 9 zuwa 13, gwargwadon irin wasan. Itace mai wannan tsawo da siranta, da zarar ya fara juyawa sai tsakiyarsa ta riƙa rawa, kurfi ya ci wani gefe ya bar wani. Mai saye kuma gwajinsa ɗaya: zai mirgina sandar a kan tebur, in bakinta ya ɗaga ya sauka, ciniki ya mutu. Saboda haka gadon injin ya zama na ƙarfe mai nauyi, wanda zai ɗauki itacen da ya haura mita ɗaya da rabi. Kafin ku biya, ku turo wutsiyar injin har tsininta ya haɗu da tsinin kai. In suka saɓa ko kaɗan, ku bar shi, ko da kyauta ne. Ku girgiza sandar ƙarfen da ke juya itacen ku ji ko boris ya saki. In tana da rami a tsakiya wanda gindin sanda zai shige, ya fi, domin da shi ake gyaran baki da haƙa mahaɗin sanda mai gida biyu. Sai matallafi mai ƙananan tayoyi uku da ke riƙe tsakiyar itace. Wannan mai walda na gari zai iya ƙera muku.

Za a ce a Amurka akwai injunan da aka ƙera don sandar wasan kaɗai, me zai hana a yi odarsu? Suna da kyau, amma in wani ƙarfe ya karye ba za a same shi a Ƙofar Ruwa ta Kano ba, kuma aiki ɗaya tak suka iya. Dogon inji na gama-gari zai fitar da ƙafar gado, ƙotar hauya da taɓarya a watannin da cinikin sanda ya kwanta. Ga kuma batun wuta. Ba mu manta da Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke lantarkin da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, masu sana'a suka shafe watanni cikin wahala. Injin da bel ke ja ana iya haɗa shi da ƙaramin janareta ko injin fetur, kuma sassaƙar sanda siririya ba ta cin ƙarfi da yawa.

Abin da ya fi damuna shi ne itace, domin inji mafi kyau ba zai miƙar da ɗanyen katako ba. Turawa da itatuwan ƙasashen sanyi suke yin gaban sanda, kuma masu ƙera na kirki ba sa gama sanda a zama ɗaya: su rage kaɗan, su rataye ta a tsaye makonni, su sake ragewa. A ƙasarmu wannan haƙuri ya fi zama dole, don itacen da ya sha laimar damina, hunturu na busawa zai karkace. Ku gwada abin da ke hannu: kanya ko ƙirya don gindi mai nauyi, busasshen katako mai miƙaƙƙiyar jijiya daga 'Yan Katako na Na'ibawa don gaba. Gawo kuwa ku ƙyale shi. Itacensa ba shi da taurin da ake so, kuma manoman Magariya, Matamaye da Mirya sun yi shekaru suna rainonsa a gonakinsu har duniya ta san su da shi. Kowane irin sara, a nemi izinin ma'aikatan gandun daji kamar yadda dokar 2004 ta tanada.

Wani zai ce sandunan Sin sun yi arha, ba za a iya gasa da su ba. Gaskiya ne a farashin sabuwa. Amma fatar da ke bakin sanda tana ɓallewa, mai tebur kuma ba zai aika sanda Kano don wannan ba. Ku fara da gyara: fatar saniya mai kauri daga dukawan Damagaram, gam mai kyau, sanfefa mai laushi, da ma'aunin kauri na ƙarfe mai nuna milimita. Kuɗin gyaran ne zai saya muku katakon da za ku jera a inuwa, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara, ya shekara kafin ya hau inji.