DAGA BAKIN RUMFA: Kafin gara ta cinye fuskar kakanninmu

Yau mun ajiye lissafin sidi da sefa a gefe, adaka za mu buɗe.

Watan jiya ruwan sama ya shigo ɗakin da muke ajiye tarkace a gidanmu na Aboabo, dole ta sa muka fito da adakar marigayi Baba, wadda rabon da a buɗe ta tun sadakar arba'in ɗinsa. A ƙarƙashin riguna na tarar da gwangwanin biskit cike da hotuna, sun kai sittin. Wasu sun manne da juna saboda damshi, gara ta ci gefen wasu, masu kalar kuwa duk sun koma ja-ja kamar an jiƙa su da ruwan goro. Masu baƙi da fari ne suka fi juriya. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne na Baba yana saurayi, tsaye gaban huhunan goro shi da wasu mutum biyu. Na hagun, gara ta cinye rabin fuskarsa.

Mu mutanen zango dama hotunanmu ba su da yawa, kuma da dalili. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar Ghana. A 1983 Nijeriya ita ma ta yi irin tata korar. Wanda ke ƙoƙarin cusa mata da yara a mota ai ba ya tuna albam. Ga gobarar kasuwa, ga ambaliya irin ta Akara a 2015 da ta Maiduguri a 2024. Ɗan abin da ya tsira, amana ce a hannunmu.

To, yaya ake mayar da hoton takarda ya koma cikin waya ko kwamfuta? Hanya biyu ce, kuma duk na gwada.

Ta farko a gida, da wayar hannunka. Ka goge idon kyamarar da ƙyalle mai laushi. Ka shimfiɗa hoton a kan tebur kusa da taga ko a inuwa da hantsi, ka kashe filashin kyamara, don shi ke kawo farin ƙyalli a tsakiyar fuska. Ka riƙe wayar daidai saman hoton, kar ta karkace. Akwai manhajar Google kyauta mai suna PhotoScan, tana sa ka ɗauki hoton ta kusurwa huɗu, sai ta haɗa su ta cire ƙyallin. Kuma ka juya hoton ka ɗauki bayansa, domin nan ake samun hatimin mai hoto, da sunan gari, wani lokaci har da shekara.

Ta biyu ita ce shagon masu kwamfuta ko situdiyon hoto, inda suke da sikana. A nan akwai wata lamba da ake kira dpi, wato yawan ɗige-ɗigen da na'urar za ta kwaso a kowane inci. Hoto madaidaici, 300 ta isa. In kana son a wanke shi babba, ko kuma ƙaramin hoton fasfo ne irin na tsofaffin takardun aikin Hajji, ka ce a sa 600 ko sama. Sai fim ɗin nan da ake kira nagatif, da ƙananan hotunan nan masu firam ɗin kwali da ake haskawa a bango da majigi. Waɗannan sai sikanar da ke da fitila a murfinta, kuma lambar ta kama daga 2400. Ba kowane shago ke da ita ba, ka tambaya kafin ka miƙa kaya. Don Allah kar a zubar da nagatif. Shahararren mai hoton nan na Bamako, Seydou Keïta, nagatif ɗin da ya adana ne ya sa aka sake wanke hotunansa manya-manya bayan shekaru, har duniya ta san shi.

Bari in faɗa muku wautar da na yi. Na kai hotuna goma wani shago, na bar wa yaron na koma rumfa, saboda ranar ciniki ce. Da na dawo, yaron nan da kyakkyawar niyya ya yi wa uku leminatin, wai don kar su lalace. Zafin injin ya ƙona hoton auren Inna, ya yi kumfa, kuma roba in ta kama ba ta sake fita. Laifina ne da ban tsaya ba. Saboda haka ka ƙirga hotunanka a gabansu, ka zauna har a gama, ka je da filash ɗinka, sannan ka sa su goge abin da ya rage a kwamfutarsu kana gani. Hotunan iyayenmu mata ne da matanmu, bai kamata su yi ta yawo a hannun da ba mu sani ba. Wanda ya manne da gilashi ko da ɗan uwansa, kar ka ɓamɓare shi da ƙarfi, a ɗauke shi a yadda yake.

In an gama, kar ka ce ai yana waya shi ke nan. Mu da muke yini a kasuwa mun san yadda waya ke yin ƙafa. Ka ajiye wuri uku: waya, filash a gida, da intanet. Asusun Google yana ba da gigabait 15 kyauta, amma ka rubuta kalmar sirrin ka ba wani amintacce a gidan. In za ka tura wa dangi ta WhatsApp, ka tura shi a matsayin fayil, don in ka tura shi a hoto kawai yana matse shi, ingancin ya ragu. Na takardar kuma a sa su a ambulan, a ɗora sama nesa da ƙasa da bango mai damshi.

Duk wannan aikin hannu ne, ko yaro zai iya. Babban aikin yana wajen tsofaffi. Na kai wa Goggo, ƙanwar Baba, wadda ta haura tamanin kuma idonta ya yi rauni. Hoton takardar ba ta iya gani, amma da na buɗe shi a waya na ja shi ya yi girma, sai ta yi shiru. Na ce, "Goggo, wane ne wannan na hagun?" Ta ce, "Kai ɗan nan, ai baffanka ne, yayanmu. Shi ne ya tafi Hajji ta ƙasa ya zauna a Sudan, bai sake dawowa ba." Wallahi shekarata hamsin da ɗoriya, sunansa kawai nake ji, ban taɓa sanin muna da hotonsa ba.

Ɗana ya ce zai gyara fuskar da irin manhajar nan mai cike gurbi. Ta fito tas, gwanin sha'awa. Goggo ta duba ta ce, "Wannan ba Yaya ba ne, ku mayar mini da na garar." Gaskiyarta, na'urar ba ta san shi ba, ƙirƙirar fuska ta yi. In za ku yi irin wannan gyara, ku ajiye na asalin daban.

Na kunna rikodar waya, muka bi hotunan ɗaya bayan ɗaya tana faɗa ina rubutawa a baya da fensir, don biro yana huda takarda kuma tawadarsa tana naso. Suna, gari, da dangantaka. Akwai guda bakwai da ta ce ba ta san su ba, mutanen ɓangaren Inna ne, kuma kawun da ya san su ya rasu bara. Ga su nan a waya tsaf, sai dai babu mai iya ce mana ga su wane. Da na buɗe adakar nan shekara biyu da suka wuce, da ba haka ba.

Don haka Juma'ar nan in an sauko daga masallaci, a fito da adaka, a ɗauki waya da fensir, a tafi gaida tsohuwa. Yaranmu da aka haifa a nan, waɗanda Kano da Katsina da Damagaram sai a labari, suna da haƙƙin ganin fuskar waɗanda suka yi fataucin da ya kawo mu.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya ba mu kasuwa mai albarka. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.