Sharhi: Gasar Hotunan Sadarwa da Labarin Masu Neman Sabis



A 'yan shekarun nan, kamfanonin waya da ƙungiyoyin raya ƙasa, har ma da Hukumar Sadarwa ta Duniya, wato ITU, sun ɗauki al'adar shirya gasar hotuna, inda ake neman masu kyamara su nuna yadda waya da intanet suka shiga rayuwar mutane ta yau da kullum. Duk wanda ya saba duba irin hotunan da ake turawa ya san kamanninsu tun kafin a buɗe: manomi a tsakiyar gona yana murmushi da waya a kunne, ko yara sun yi cincirindo a kan kwamfuta ɗaya, ko tsohuwa tana hira da jikanta ta bidiyo. Hotuna ne masu daɗin kallo, kuma ba a ce ƙarya ne ba, sai dai yawancinsu sun fi kusa da talla. A ganinmu, hoton da ya fi faɗin gaskiya game da sadarwa shi ne wanda ya nuna wahalar da mutum ke sha kafin ya same ta, domin a nan ake sanin darajarta, a nan kuma ake ganin wanda aka bari a baya.

Akwai hoto ɗaya da ya tabbatar da haka. A watan Fabrairun 2014, gidauniyar World Press Photo da ke birnin Amsterdam na ƙasar Holan, wadda ta fara gasarta tun 1955, ta bayyana gwarzon hoton shekara. Masu ɗaukar hoto 5,754 daga ƙasashe 132 ne suka shiga, da hotuna sama da 98,000. Shekarar 2013 da ake bitarta kuwa cike take da tashin hankali: yaƙin Siriya, da rushewar ginin Rana Plaza a kan masu aikin ɗinki a Bangladesh, da guguwar Haiyan a Filifin, da harin cibiyar kasuwanci ta Westgate a Nairobi. Hotunan waɗannan masifu sun shiga gasar, wasu ma sun ci kyauta a rukuninsu. Amma babbar kyautar sai ta tafi ga wani hoto da babu jini ko hayaƙi a cikinsa, wanda Ba'amurke John Stanmeyer ya ɗauka wa mujallar National Geographic, ya kuma sa masa suna Signal.

Tunda rediyo ba ya nuna hoto, bari mu kwatanta muku shi. Dare ne, a bakin teku a birnin Jibuti, ga farin wata ya haske ruwa. Wasu mutane suna tsaye a gaɓa, ba a ganin fuskokinsu sai inuwar jikinsu, kowa ya ɗaga hannu sama riƙe da wayarsa, fuskar wayar na ƙyalli cikin duhu. 'Yan ci-rani ne, kuma sabis suke farauta. Jibuti mashiga ce ga masu barin Habasha da Somaliya da Eritiriya, waɗanda akasarinsu ke son tsallaka teku zuwa Yaman, daga can su nufi Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa neman aiki. Kiran waya a Jibuti yana da tsada, na Somaliya maƙwabciya kuwa da araha. Shi ya sa suke zuwa bakin ruwa da dare, su ɗaga waya, ko Allah zai sa sabis ɗin ƙetare ya faɗo, su ji muryar gida, a san suna raye.

Abin lura shi ne, Jibuti na cikin wuraren da manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka fi sauka a nahiyar Afirka. Wato saƙonnin Turai da Asiya na ratsawa ta ƙarƙashin ruwan da mutanen nan ke tsaye a bakinsa, amma kamfani ɗaya tilo na gwamnati ke sayar da layi a ƙasar, farashinsa kuma ya fi ƙarfin talakan da ke kan hanya. Hoto guda ya haɗa hijira da talauci da kewar gida da tsarin kasuwar sadarwa, ba tare da ya tozarta kowa ba.

Alƙaluma ma suna faɗin wannan labari, sai dai ba sa taɓa zuciya kamar hoto. Hukumar ITU ta ƙiyasta cewa a 2024 mutane biliyan 5.5 ke amfani da intanet, yayin da biliyan 2.6 ba sa kai gare shi. A Afirka kuwa kashi 38 cikin ɗari ne kacal ke amfani da shi. Kada kuma a ɗauka matsalar ta ƙasashe matalauta ce kaɗai. A watan Agustan 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka mayar da karatu ta intanet, an ɗauki hoton wasu 'yan mata biyu zaune a ƙasa a wajen wani gidan abinci na Taco Bell a garin Salinas na jihar Kalifoniya, da kwamfutocinsu a gaba, suna cin gajiyar intanet ɗin gidan abincin don yin aikin makaranta. Garin ba shi da nisa da yankin da manyan kamfanonin fasaha na duniya suke da hedikwata. Hoton ya yaɗu, ya kuma tayar da muhawara a Amurka kan yaran da gidajensu ba su da intanet.

To mu fa? Masu sauraro, wannan ɗaga waya sama ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A ƙauyuka da dama, kowa ya san tudun da ake hawa, ko gindin bishiyar da ake tsayawa, ko ƙusar da ake rataye waya a jikin bango domin a nan kaɗai sabis ke kamawa. Kafin wayar salula ta zo Najeriya a 2001, layukan wayar ƙasar baki ɗaya ba su kai rabin miliyan ba. Cikin shekara ashirin da ɗoriya, abin ya zama kamar ruwan sha, ba a tunawa da shi sai ya ɗauke. Kuma ya sha ɗaukewa. A watan Mayun 2013, watanni kaɗan bayan Stanmeyer ya ɗauki hotonsa, aka rufe layukan waya a Borno da Yobe da Adamawa sakamakon dokar ta-ɓaci. A farkon Satumban 2021 aka rufe sabis a jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya abin ya shafi wasu ƙananan hukumomi na Katsina da Sakkwato da Kaduna. Mutanen Gusau sun riƙa shiga mota zuwa Funtuwa don kawai su yi kira ko su tura kuɗi, wasu kuma suka koma rubuta wasiƙa suna ba direbobi a tasha. Ina hotunan wannan zamani? Wa ya tattara su? Idan jikokinmu suka tambaya yadda aka yi rayuwa a watannin nan, me za a nuna musu?

Ko a ranar da komai ke lafiya, abin ɗauka bai ƙare ba. A leƙa rumfar mai caji a kasuwar ƙauye ranar da take ci. Ga ƙaramin janareta na kuka a bayan rumfa, ga allon katako an jera masa soket fiye da yadda ido zai ƙirga, ga wayoyi birjik, kowace an manna mata 'yar takarda mai lamba, mai ita kuma ya soke tasa takardar a aljihu ya tafi cinikin akuya. Wannan rumfa ta faɗi halin da wutar lantarki ke ciki fiye da dogon rahoto. Ko a tsaya wurin mai POS a ƙarƙashin lema, a dubi fuskar mutumin da aka ce masa kuɗi sun fita daga asusunsa amma ba su shigo ba, ga mai shinkafa na jiran alat kafin ya saki buhu. Duk wanda ya ga ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 ya san wannan fuska. Har ƙarshen rayuwar wayar ma labari ne: mai ɗaukar hoto Pieter Hugo na Afirka ta Kudu ya yi suna da hotunan matasan da ke ƙona tarkacen kwamfuta don ciro tagulla a Agbogbloshie da ke birnin Akra, kafin hukumomin Gana su rushe wurin a 2021.

Sai kuma tambayar wa ke riƙe da kyamarar. An daɗe ana ƙorafin cewa baƙi ne ke zuwa su ɗauki Afirka, su kuma kwashe kyaututtuka. A 2022 World Press Photo ta sauya tsarinta, ta raba duniya shiyya shida, Afirka na da tata, domin a faɗaɗa damar. Amma ita kanta wayar ta riga ta buɗe ƙofa. Fati Abubakar, 'yar Maiduguri, ta yi amfani da shafinta na Instagram mai suna Bits of Borno ta nuna wa duniya 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu biki a garin da ba a jin sunansa sai an yi maganar bam. Akwai kuma gasar Wiki Loves Africa da ake yi tun 2014, wadda kowa ke iya shiga ko da kyamarar waya ce, kuma masu aikin Wikipedia ta Hausa na cikin masu tura hotuna. Ɗan gari ya san lokacin da layin masu caji ke tsawo, ya san kuma wanda zai gaisar kafin ya ɗaga kyamara. Wannan ilimi ba a sayensa da tikitin jirgi.

Sai dai akwai sharuɗɗa uku da ya kamata mai shiga gasa ya riƙe. Na farko, izini. Matar aure a cikin gidanta, da almajiri, da ɗan gudun hijira a sansani, duk suna da mutuncin da ya fi kowace kyauta. Hoton da ya hau intanet ba ya dawowa, kuma a yankin da ake fama da masu garkuwa da mutane, nuna fuskar wani da wurin sana'arsa na iya jawo masa bala'i. A gaya wa mutum inda hotonsa zai je, idan ya ce a'a, a haƙura. Na biyu, a karanta ƙa'idojin gasa kafin a tura. Wasu gasannin na neman ka ba kowa damar amfani da hotonka kyauta, kamar yadda tsarin Wikipedia yake, kuma sun faɗi haka a fili. Wasu kuwa kamfani ne ke neman hotunan talla a ɓagas, ya ba mutum ɗaya kyauta ya mallake aikin ɗaruruwa. Na uku, gaskiya. A 2023 Bajamushe Boris Eldagsen ya ci wani rukuni na gasar Sony World Photography Awards, sannan ya ƙi karɓar kyautar, ya bayyana cewa ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa hoton, ya kuma yi hakan ne don a tattauna batun. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a yau ganin ma sai da shaida. Mai hoto ya adana asalin abin da ya ɗauka, ya rubuta wuri da rana, kada kuma ya jera mutane ya ce a haka ya same su.

Kiranmu a nan shi ne kada mu zauna jiran gasar da za a shirya a Turai. Sassan koyar da aikin jarida na Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, na iya haɗa kai da gidajen rediyo da talabijin su shirya tasu, da ƙa'idoji cikin Hausa, da alƙalan da suka san ƙasar, da rukuni na musamman ga mata, tunda su ke iya shiga inda namiji ba ya shiga. Hotunan da suka yi fice a buga su a kan takarda, a kai su kasuwanni da makarantu inda aka ɗauko su, a kuma ajiye kwafi a cibiyar adana tarihi irin Gidan Arewa da ke Kaduna. Kamfanonin waya za su iya ɗaukar nauyi, amma da sharaɗin ba za su hana hoton da ya nuna inda sabis ɗinsu bai kai ba. Idan suka amince da wannan sharaɗi, gasar za ta amfani hukuma da kamfani da talaka, domin za ta nuna inda aiki ya rage.