Katafila ta yi ido da kunne, amma makullin gyaranta na hannun wa?

Manyan injinan aiki sun sauya kama. Katafilar da ake ƙerawa yau tana ɗauke da kyamara, da rada, da na'urar karɓar saƙo daga tauraron ɗan adam. A 2008 manyan motocin kamfanin Komatsu na Japan marasa direba suka fara jigila a wata mahaƙar tagulla da ke ƙasar Chile. A 2013 kamfanin ya fito da katafila mai daidaita wuƙarta da kanta bisa taswirar aikin da aka sa mata. Caterpillar da John Deere na Amurka su ma suna ta rajistar irin waɗannan dabaru: na auna nauyin ƙasar da aka ɗebo, na hango mutum a bayan inji, na tsayar da hannun haƙa kafin ya wuce iyaka.

Amfanin ba ya ɓuya. Ana rage haɗari, ana tsimin gazuwal, kuma hanya na fita daidai ba sai an maimaita aiki ba.

Matsalar tana wajen gyara. Idan ƙaramar na'ura ɗaya ta lalace, kwamfutar injin na iya rage masa ƙarfi ko ta tsayar da shi, kuma sau da yawa sai manhajar dillalin kamfani ke iya buɗe shi. Manoman Amurka sun daɗe suna wannan kuka. A watan Janairun 2023 John Deere ya sa hannu kan yarjejeniya da babbar ƙungiyarsu game da ƴancin gyara, amma a Janairun 2025 hukumar kasuwanci ta FTC ta maka kamfanin a kotu kan batun. In manomin da dillali ke kusa da shi ya koka, ina ga ɗan kwangilar da injinsa ya tsaya tsakanin Tawa da Agadez?

Takardar mallakar ƙirƙira ba ita ce babbar katangar ba. Kariyarta shekara 20 ce, kuma tana aiki ne kawai inda aka yi mata rajista. A Nijar, rajistar na bi ta hukumar OAPI da ke Yawunde, mai mambobi ƙasashe 17. A mafi yawan ƙasashe ana wallafa bayanin dabarar wata 18 bayan shigar da buƙata, kuma kowa na iya karantawa kyauta a shafin Patentscope. Ke nan ilimin a buɗe yake. Abin da aka kulle shi ne manhaja.

Don haka ya kamata gwamnati da kamfanonin haƙar ma'adinai su sa sharaɗi a kowace kwangilar sayen inji: a miƙa na'urar binciken lalura da manhajarta, a horar da kanikawan gida, a kuma fayyace wanda ya mallaki bayanan da injin ke aikawa waje. Makarantar EMIG ta Yamai da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi su mayar da waɗannan takardu abin nazarin ɗalibai.

Ƙasar da ta biya kuɗin inji amma ba ta iya tada shi sai da izinin wani, haya ta ɗauka da sunan saye. Lokacin neman wannan haƙƙi shi ne kafin a sa hannu, domin bayan an biya kuɗi, dillali ne ke da ta cewa.