TAKARDA A ALJIHU, SANA'A A HANNU

Ga shi damina ta kankama, 'yan makarantun sakandare sun ajiye alƙalami, sun ɗaure akwatunansu sun komo gida. Kowace unguwa ka bi yanzu sai ka tarad da su a gindin bishiya ko a bakin shagon mai cajin waya, suna lissafin ranar da sakamako zai fito. Da su za mu yi magana a wannan mako. Mun kuwa san a rumfar kasuwa aka fi karanta jaridar nan, sau da yawa ma yaron ne ke karanta wa uban. To, madalla. Kai mai karantawa, kada ka tsallake layi don ka ga da kai ake. Kai kuma mai saurare, naka rabon yana nan a ƙarshe.

Da fari muna yi muku barka. Shekara 6 a firamare, 6 a sakandare, ba wasa ba ne. Amma kafin ka ɗaga kafaɗa, tsaya ka tambayi kanka, wa ya biya? Uwarka ce da ta kwashi adashinta na ƙuli-ƙuli ta sayi takalmin makaranta. Ubanka ne da ya wuni a rana yana dako, ko yana awon gero, har ya haɗa kuɗin jarrabawa. Takardar da kake jira da sunanka za ta fito, amma da guminsu aka rubuta ta.

ZAMANI YA JUYA

Lokacin da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, 'yan boko a ƙasar nan ƙidayayyu ne. Har bayan wannan da shekaru masu yawa, yaron da ya fita Midil ba ya shan wahalar neman aiki. En'e na jiransa, ko ya zama akawu, ko malamin haraji, ko malamin asibiti, ko malamin gona. Daga nan ne mutanenmu suka ɗauka cewa boko ma'anarsa kujera da tebur da albashi a ƙarshen wata. A wancan zamani gaskiya ne. Yau kuwa wanda ya gaya maka haka ya ruɗe ka.

Ga lissafi. A 2025 yara kusan miliyan 2 suka zauna jarrabawar JAMB ta shiga manyan makarantu. Fiye da miliyan ɗaya da rabi daga cikinsu ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Waɗanda Allah ya ba sa'a suka shiga jami'a, su ma ba su huta ba, gama a 2022 malaman jami'o'in gwamnati sun yi yajin aiki na wata 8, tun daga Fabrairu har Oktoba, ɗalibai na zaune a gida. Wanda ya jure ya gama, ya yi shekararsa ta bautar ƙasa, shi ne kake gani da ambulan a hammata yana bin ofis-ofis. In ma an dace an samu, mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Je ka tambayi mai awo kwana nawa wannan zai ci da gida mai mutum shida.

Kada kuma ka gwada kanka da ɗan babban mutum. Shi tun bai gama ba an ajiye masa gurbi, 'yar takarda kawai za a rubuta a ce ya kai wa wane. Kai ɗan talaka ba ka da mai rubuta maka. Wannan zalunci ne, ba mu kuwa fasa faɗa ba. Amma kafin a gyara, cikinka ba zai yi jira ba.

Saboda haka shawararmu guda ce, sauran duka rassanta ne. Ka riƙe takardarka a aljihu, ka ci gaba da neman wadda ta fi ta, amma kada gari ya waye maka ba sana'a a hannunka.

KADA KA JIRA SAKAMAKO

Tsakanin ranar da ka ajiye alƙalami da ranar da za ka sami makaranta ta gaba akwai watanni, wani ma shekara biyu ko uku. A cikin wannan rata ne yara ke lalacewa. Barcin hantsi, hirar majalisa, latsa waya har tsakar dare, sa'an nan a miƙa wa uwa hannu a ce ta ba da na kati. Kunya ba ta kama ka?

Gobe da sassafe ka bi ubanka rumfa. In ba shi da rumfa, ka sa ya kai ka wurin wanda ya amince da shi. Ƙofofi ba su ƙare ba. Akwai gyaran waya irin na kasuwar Farm Centre a Kano, akwai walda da ƙira irin na Panteka a Kaduna, akwai ɗinki, kafinta, kanikanci, aikin famfo, haɗa wutar sola, dukanci irin na Ƙofar Wambai, awon hatsi a Dawanau, cinikin atamfa a Kantin Kwari, noman rani da kiwon kaji. Ka zaɓi ɗaya, kada ka riƙa tsalle daga wannan zuwa waccan kowane wata.

In ka shiga, ka shiga da ladabi. Ka riga maigida isowa, ka share wurin, ka iya bakinka. Kada ka ce kai mai satifiket ne, ba za a aike ka sayen abinci ba. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Abin da zai sa maigida ya sakar maka makulli, wata rana ya yaye ka har da jari, shi ne amana. In an ba ka 5,000 ka sayo kaya ka samu a 4,500, ka mayar da canji. Ana lura da kai ko ba ka sani ba.

Masu cewa kasuwa ta jahilai ce, su tuna da Alhassan Ɗantata. Da fataucin goro daga ƙasar Gwanja ya fara, kana ya shiga cinikin gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, har ya zama babu attajiri kamarsa a wannan yanki kafin rasuwarsa a 1955. Ba mu ce kowa zai zama Ɗantata ba, arziki na Allah ne. Amma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

INA AMFANIN BOKON?

Wani zai ce, in dai rumfa zan koma, me ya sa na sha bulalar shekara 12? A nan ne fa bokon zai yi rana. Da yawa cikin iyayenmu ciniki suke yi da ka, ba littafi. Su ci uwar kuɗi suna tsammani riba ce, su ba da bashi su manta. Ka sayi littafi na 'yan kuɗi kaɗan ka ja layi, ga abin da ya shigo, ga abin da ya fita, ga wanda ake bi, ga ranar da ya ce zai biya. Wata uku kawai ka yi haka, ka ga ko tsohon bai fara neman shawararka ba.

Ku tuna da farkon 2023, sa'ad da aka canja takardun naira kuɗi suka ɓace daga hannun jama'a, ciniki ya koma ta waya. Su wa suka fi shan wuya? Waɗanda ba su iya karanta saƙon banki ba. Macuta suka riƙa nuna musu saƙon ƙarya suna kwashe kaya. Rumfar da ke da yaro mai karatu kuwa, sai ya duba asusu ya ce ba su shigo ba, ajiye kayan. Haka nan in mai karɓar haraji ya zo, kai ne za ka duba rasit ka ga ko na gaske ne, ko kuma adadin da aka rubuta shi ne aka karɓa. Kai ne za ka karanta ranar lalacewar magani, da yadda ake gauraya maganin feshi, da abin da ke cikin takarda kafin tsoho ya dangwala yatsa. Ilmin da bai tsare gidanku daga cuta ba, ado ne kawai.

KARATU KUMA KADA YA TSAYA

In sakamako ya fito ka ga babu kiredit 5 har da Turanci da Lissafi, ba ƙarshen duniya ba ne. WAEC da NECO duka suna da jarrabawar 'yan waje da akan yi wajen ƙarshen shekara. Ka yi sana'arka da rana, ka yi bita da dare, ka biya da kuɗin guminka. Amma ka guji wuraren da ake sayar da amsa. Wanda ya sayi kiredit a Lissafi, ranar da aka ba shi littafin shago asirinsa zai tonu.

Kada kuma ka ce ko jami'a ko a fasa. Kwalejin horon malamai na ba da NCE a shekara 3, kwalejin kimiyya da fasaha na ba da difloma a shekara 2, ga makarantun jinya da ungozoma da na kiwon lafiya, alhali asibitocin karkara na kukan rashin ma'aikata. Ga jami'ar karatu daga gida, watau NOUN, wadda mutum zai yi yana riƙe da shagonsa. Tun 2024 kuma akwai asusun NELFUND mai ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati rance ba ruwa. Ka nema in kana bukata, amma ka sani bashi ne, za a biya.

TARKO HUƊU

Na ɗaya, bangar siyasa. Zaɓe na ƙaratowa za ka ga masu manyan motoci sun tuna da unguwarku. Za su ba ka riga mai hoto, da 'yan kuɗin da ba su kai na buhun gawayi ba, da gora ko abin da ya fi gora. Ka tambayi mai ba ka, ina nasa ɗan? Yana makaranta a Ingila ko Masar. In an kama ka, ba zai san ka ba. Ko wace jam'iyya ce ta miƙo maka makami, har da tamu, ka ce a kai kasuwa. Ka cika shekara 18? Ka yanki katin zaɓe, shi ne makaminka. Dokar 2018 ma ta rage shekarun tsayawa takarar majalisar jiha da ta wakilai zuwa 25. Wanda zai iya neman kujerar nan da shekara 7, don me zai zama karen farautar wani?

Na biyu, ƙwaya. Da ita ake ɗaure ɗan banga. A 2018 gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, don ganin yadda ya cinye samari da 'yan mata, har da matan aure. Abokin da ya ce ka ɗan taɓa don ka ji ƙarfin aiki, kabarinka yake haƙa.

Na uku, kuɗin banza. MMM ta rufe da kuɗin jama'a a Disamba 2016, CBEX ta yi haka a Afrilu 2025, gobe wata za ta fito da sabon suna. Duk wanda ya ce kawo 10,000 ka karɓi 20,000 a wata guda ba saye ba sayarwa, ɓarawo ne. Cacar ƙwallo ta waya ita ma 'yar gidansu ce. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Na huɗu, hanyar hamada. Dillalai za su ce maka arziki na can ƙetare. A Oktoba 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Kuɗin da za ka ba dillali ya isa jarin tebur.

GA 'YAN MATA

Duk abin da muka faɗa har da ku. Kada wani ya ce muku karatun mace bidi'a ne. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajis suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. Yau matanmu na rasa rai wurin haihuwa don babu ungozoma a kusa, wasu kuma ba sa son namiji ya duba su. Wa zai cike wannan gurbi in ba ku ba? In aure ya zo, alheri ne. Amma a yi maganar ci gaba da karatu tun kafin a shafa fatiha, a gaban waliyyai, kada a bar ta sai an kai ki ɗaki. Ki kuma riƙe sana'arki, ko ɗinki, ko saƙa, ko girkin sayarwa. Ba a fata, amma mun ga gidajen da keken ɗinkin uwa ne ya riƙe marayu.

GA IYAYE

To, maigida, ga naka. Kada ka kori yaron daga rumfa kana cewa ba don wannan ka sa shi boko ba. Kai da kanka kake koya masa raina abin da ya ci da shi. Ka jawo shi, ka nuna masa sirrin cinikin, ka bar shi ya buɗe littafin, in ya gano ɓaraka kada ka ji haushi. Ka yanka masa ɗan abin da zai riƙa ajiyewa, ka sake shi da wuri ranar da yake da darasi. In ya faɗi jarrabawa kada ka yi masa baki. Ka kuma san abokansa, ka san inda yake kwana. In ba ka ba shi wuri a gefenka ba, akwai mai mota a bakin layi da zai ba shi.

Mu dai namu faɗakarwa ne. Wanda ya ji ya ƙi, duniya makaranta ce, sai dai kuɗinta da tsada. Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya ba su sakamako mai kyau da sana'a mai amfani, ya tsare su daga hannun masu saye da araha. Amin.

Haza wasalam.