Saniyar Ruwanda da Gonar Talaka a Kan Tudu

A Ruwanda, ƙasar da ake wa kirari da mai tuddai dubu, yawancin manoma gonarsu ba ta kai hekta ɗaya ba, kuma ita ma a kan gangare take. Ruwan sama na sauka da ƙarfi sai ya kwashe ƙasar sama ya gangara da ita kwari, ya bar wa mai gona jar ƙasa. Ga jama'a sun haura miliyan 13 a ƙidayar 2022, fili kuwa ba ya ƙaruwa.

Cikin duk abin da gwamnatin ƙasar ta yi, shirin Girinka na 2006 ne ya fi kwanta mini a rai. Ana bai wa gidan talaka karsana, in ta haifi maraƙa ta fari a miƙa maraƙar ga maƙwabci. Ba a sakin saniyar kiwo, a turke take. Ana sassare gangaren ya koma hawa-hawa, a dasa ciyawa a bakin kowane hawa don ta riƙe ƙasa, a yanko ciyawar a bai wa saniya, a kwashi kashinta a mayar gona. Yara kuma su sha madara. Duk wanda ya taɓa kai takin gida gona a kan jaki ya san darajar wannan.

Inda na saɓa da gwamnatin shi ne shirin 2007, wanda ya sa maƙwabta su haɗe gonakinsu su shuka abu guda da hukuma ta zaɓa wa yankin: masara, alkama, shinkafa, dankalin Turawa, wake ko rogo. Gaskiya ne amfanin masara ya ƙaru da takin zamani mai rangwame. Amma dawa da dankalin Hausa, waɗanda ke fitar da gida daga yunwa, an mayar da su gefe, har masu bincike sun ruwaito an tuge wa wasu manoma shukarsu saboda sun cakuɗa shuka iri-iri. Wannan ya yi mini ciwo.

Mu da muke shuka wake a tsakanin gero mun san dalili: in ɗaya ya ƙi, ɗaya ya yi. Mai rabin hekta a kan tudu ba shi da wata gonar da zai jingina da ita idan masara ta lalace. Malaman gona su kawo masa iri da shawara, amma su bar masa ko da hawa biyu ya shuka abin da iyalinsa za su ci.