Kujerar Ministan Kano: Rabon Wa Ake Yi?

Ranar 23 ga Oktoba, 2024, Shugaba Bola Tinubu ya yi wa majalisar ministocinsa garambawul. Ya sallami mutum biyar, ciki har da Abdullahi Tijjani Gwarzo, ƙaramin ministan gidaje da raya birane, aka miƙa kujerar ga wani Bakanon, Yusuf Abdullahi Ata, tsohon kakakin majalisar dokokin jiha. Duk wanda ya san zaman majalisun shayi na Ƙofar Nassarawa ya san yadda irin wannan labari ke tashi: rediyo na kan benci, 'yan adaidaita sahu sun jingine a ƙarƙashin gadar sama, kowa na lissafi. Wa aka kayar? Yaron wa aka ɗauko? Kafin mako ya zagayo, fastocin taya murna sun hau ginshiƙan gada.

Tambayar da ta fi dacewa ita ce wadda ba a cika yi ba: gida nawa aka gina?

Wannan ya dame ni ƙwarai, domin kujerar ta gidaje ce, kuma daga Ƙofar Nassarawa taku kaɗan ne ka shiga lungunan cikin birni, inda magidanta uku ko huɗu ke raba tsakar gida ɗaya da makewayi ɗaya, inda kowace damina katangar ƙasa ke jiƙa har ta zube kan masu barci. Saurayi ya tara kuɗin lefe, amma ɗakin da zai ajiye amarya ya gagara. Kujerar ƙaramin minista a ma'aikatar da aka ce tana kula da wannan damuwa ta sauya hannu, hirar da ta biyo baya kuwa ta shiyya ce kawai. Shi kansa Gwarzo ya shaida wa manema labarai cewa dalilin da aka ba shi shi ne muƙamai sun yi wa Kano ta Arewa yawa. Wanda ya gaje shi kuma bai ɓoye ba cewa babban burinsa shi ne dawo wa jam'iyyarsa da Kano a 2027. Kenan da mai fita da mai shiga, ba wanda aka auna da aikin ma'aikatar.

Sashe na 147 na kundin tsarin mulki ya wajabta a ɗauko aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha, don kada a bar wani yanki a baya. Niyya ce mai kyau. Sai dai mun mai da ita rabon naman layya, kowane gida na jiran kasonsa. Haka ma yadda ake zaɓen. Buhari ya kai har Nuwamban 2015 kafin ya rantsar da ministoci. Tinubu ya rantsar da 45 a watan Agustan 2023. Da jinkirin da hanzarin, Majalisar Dattawa na tantance mutum ne ba tare da ta san ma'aikatar da za a ba shi ba, wasu ma rusunawa kawai suke yi su wuce. A zagayen 2023 ne Maryam Shetty, wadda aka zaɓo daga Kano, ta isa majalisa don tantancewa, ta tarar an maye gurbinta da Mariya Mahmoud Bunkure. Mutuncinta bai cancanci haka ba.

An ce an ɗora wa Hadiza Bala Usman alhakin bin diddigin aikin ministoci, ministocin kuma sun sa hannu a takardar alkawari. To, a ranar sallama me ya hana a karanto makin kowa? In mutum ya gaza, talakan da ake biyan ministan da dukiyarsa yana da haƙƙin sani. In bai gaza ba, to an zalunce shi, an kuma katse aikin da ya faro.

Mu ma da laifinmu. Dattawan unguwa da ke cika mota zuwa gaisuwar sabon minista, da 'yan jaridar da ke miƙa masa makirufo, su riƙa tafiya da tambaya a rubuce: gidajen da gwamnatin tarayya ta ce tana ginawa a Kano, nawa aka kammala, nawa ne kuɗin ɗaya, kuma malamin firamare zai iya mallaka?